Launin fata a cikin rahoton masani: shari'ar wani fursuna a Teksas, daga 1995 zuwa 2017

Wannan bayani ne a kan shari'ar mutum ɗaya, baƙar fata ɗan Amurka, wanda wata kotu a jihar Teksas ta yanke wa hukuncin kisa a 1997, aka kuma sauya hukuncin zuwa ɗaurin rai-da-rai a 2017. Babu wanda ya taɓa musa cewa shi ya aikata laifin, har lauyoyinsa. Abin da aka shafe shekara 20 ana ja-in-ja a kai shi ne ko launin fatarsa ya shiga cikin abubuwan da aka duba kafin a ce a kashe shi, kuma idan ya shiga, wa zai gyara. Ba za a ambaci sunansa ba a nan, haka ma waɗanda ya kashe ko ya raunata.

30 ga Yuli, 1995: laifin

Da sassafen wannan rana mutumin ya je gidan tsohuwar budurwarsa a birnin Huston ɗauke da bindigogi biyu. Ya fara harbin wata 'yar'uwarsa da ya tarar a gidan. Ta ji mummunan rauni, amma ta rayu. Ya harbe wani abokin matar gidan har lahira. Ita kuwa matar ta fita titi a guje, ya bi ta ya harbe ta a gaban 'ya'yanta suna roƙonsa ya bar musu uwarsu. 'Yan sanda sun shaida wa kotu cewa bayan an kama shi yana ta dariya, har ya ce abin da ya same ta ita ta jawo wa kanta.

A 1997 aka same shi da laifin kisan kai irin wanda dokar jihar ta yarda a yi wa hukuncin kisa. Daga nan aka shiga zama na biyu, wato zaman yanke hukunci.

1997: tambayar da doka ke yi

A Teksas alƙali ba ya yanke hukuncin kisa shi kaɗai. Mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su taya shi, kuma doka ta tanadi tambayoyin da za su amsa. Ta farko ita ce: shin akwai yiwuwar wannan mutum zai sake aikata ta'asa nan gaba, har ya ci gaba da zama barazana ga al'umma? Sai dukansu 12 sun ce "e", ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, kafin a iya kashe shi. Mutum ɗaya tak ya ƙi amincewa, hukuncin ya koma ɗaurin rai-da-rai.

Wannan tambaya ta bambanta da tambayar "wa ya yi harbi?". Waccan ana amsa ta da shaidun gani da ido da bindiga da harsashi. Wannan kuwa hasashe ne game da abin da bai faru ba tukuna, kuma kusan duk zaman a kanta ya ta'allaƙa.

Masu gabatar da ƙara sun kawo hujjojinsu: yadda aka yi kisan, dariyar da ya yi, laifukan da aka taɓa kama shi da su na safarar hodar ibilis da riƙe makami ba bisa ƙa'ida ba, da wata tsohuwar budurwarsa ta daban wadda ta ce ya sha dukanta. Lauyoyinsa kuma suka kira danginsa da masana halayyar ɗan Adam guda biyu. Dukan masanan biyu matsaya ɗaya suka cimma: da wuya ya zama haɗari a gidan yari, domin tashin hankalinsa a cikin mu'amalar soyayya da mata yake tasowa, a kurkuku kuwa babu wannan.

Layi na huɗu a rahoton

Ɗaya daga cikin masanan biyu kotu ce ta naɗa shi, ya daɗe yana aiki da gidajen yarin jihar, ya kuma auna masu laifin kisa da dama. A rahoton da ya rubuta ya jera abubuwa 7 da ya ce ƙididdiga ta nuna suna ƙara ko rage yiwuwar mutum ya sake yin ta'asa, irin su shekaru da jinsi da laifukan baya da shaye-shaye. Na huɗu a jerin shi ne launin fata. A ƙarƙashinsa ya rubuta cewa baƙi ne, saboda haka yiwuwar ta ƙaru, domin baƙaƙen fata sun yi yawa fiye da kima a cikin masu aikata laifukan ta'asa.

Lauyan da ke kare mutumin ya karanta wannan rahoto kafin zaman. Duk da haka ya kira masanin ya ba da shaida, ya kuma ce masa ya yi wa kotu bayanin abubuwan nan na ƙididdiga. Masanin ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan launin fata. Aka karɓi rahoton a matsayin hujja.

Da lauyar gwamnati ta tashi yi masa tambayoyi, sai ta maimaita maganar a fili. Ta ce: ka tabbatar cewa namiji ya fi mace ta'asa, kuma kasancewar mutum baƙi na ƙara haɗarinsa nan gaba saboda dalilai masu sarƙaƙiya, haka ne? Ya ce, "E." A jawabin rufewa masu gabatar da ƙara sun tuna wa masu taya alƙali cewa ƙwararren masani ya gaya musu akwai yiwuwar mutumin ya sake yin ta'asa.

Masu taya alƙali sun yi kwana biyu suna shawara. Sun aiko wa alƙali takarda sau huɗu, ɗaya daga ciki suna neman a ba su rahotannin masanan, aka kuma ba su. Suka dawo da amsar "e". Aka yanke masa hukuncin kisa.

1999 zuwa 2003: ƙorafin farko da sanarwar Antoni Janar

Wanda aka yanke wa kisa a Amurka hanya biyu yake da ita. Akwai ɗaukaka ƙara kai-tsaye, inda ake duba kurakuran da suka bayyana a zaman kotu. Akwai kuma ƙorafin bayan hukunci, inda ake kawo abubuwa irin su sakacin lauya. Babbar kotun ɗaukaka ƙarar laifuka ta Teksas ta tabbatar da hukuncin a 1999. A wannan shekarar sabon lauyan da aka ba shi ya shigar da ƙorafin bayan hukunci mai ɗauke da batutuwa huɗu. Babu ko ɗaya da ya taɓo maganar launin fata, ko kuskuren lauyan farko na kiran masanin. Wannan tsallakewa ita ce ta ɗaure shari'ar shekaru da yawa.

A shekarar 2000 wata shari'a ta daban ta kai Kotun Ƙolin Amurka. Wani ɗan Ajantina ne aka yanke wa kisa a Teksas, kuma wannan masanin dai ya ba da shaida cewa asalinsa na ƙara haɗarinsa. Antoni Janar na jihar a lokacin, John Cornyn, ya amsa a gaban kotu cewa an yi kuskure, aka soke hukuncin. A watan Yuni ya fitar da sanarwa cewa bai dace a sa launin fata cikin abubuwan da ake dubawa a shari'a ba, ya ce ofishinsa ya binciko wasu shari'u 6 masu kama da wannan. Shari'ar mutumin namu na cikinsu.

A biyar daga cikin shidan gwamnatin jihar ta amsa kuskure, ko ta janye hujjojinta na ƙa'ida, aka sake zaman yanke hukunci. Shi kuwa sai a 2002 lauyansa ya shigar da ƙorafi na biyu da ya ambaci masanin. A 2003 kotun jihar ta yi watsi da shi ba tare da ta duba gundarin maganar ba. Dalilinta: batun da za a iya kawowa a ƙorafin farko ba a kawo ba, ba a karɓarsa a na biyu.

2004 zuwa 2010: kotunan tarayya

A 2004 aka kai maganar kotun tarayya. Kafin lokacin Cornyn ya tafi Majalisar Dattawa, Greg Abbott ya gaje shi a ofishin Antoni Janar, kuma gwamnatin jihar ta ƙi amsa kuskure a wannan karon. Hujjarta ita ce a nan lauyan mai laifin ne da kansa ya kira masanin ya kuma jawo maganar launi, don haka ba gwamnati ce ta gurɓata zaman ba.

Ta fuskar sakacin lauya ma hanya a toshe take. Wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1991 ya ce idan lauyan ƙorafin bayan hukunci ya yi sake bai kawo batu a kan lokaci ba, asarar ta wanda yake karewa ce, kotun tarayya ba za ta saurari batun ba. Ma'ana sakacin lauya na biyu ya rufe sakacin na farko. Kotun tarayya ta ƙi ƙorafin a 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyar ta hana izinin ci gaba a 2009, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraro a 2010. Har zuwa nan babu kotun da ta zauna ta yanke ko lauyan farko ya yi daidai ko bai yi ba.

15 ga Satumba, 2011

Wannan ce ranar da aka tsayar za a yi masa allurar mutuwa a gidan yarin Huntsville. Sababbin lauyoyinsa suka koma neman afuwa. 'Yar'uwar da ya harba ta ce ta yafe masa, ta roƙi a bar shi da rai. Ɗaya daga cikin lauyoyin gwamnati da suka gurfanar da shi a 1997 ta rubuta wa hukumar afuwa da Gwamna Rick Perry takarda tana neman a dakatar, a sake zaman hukunci babu maganar launi. Hukumar afuwa ta ƙi.

An riga an kai shi ɗakin jira, ya ci abincinsa na ƙarshe, lokacin da doka ta ba da na zartar da hukuncin ya fara, sannan Kotun Ƙoli ta ba da umarnin dakatarwa. Amma ta leƙo ta koma: a watan Nuwamba kotun ta ƙi sauraron ƙarar. Mai shari'a Samuel Alito ya rubuta cewa shaidar masanin abin mamaki ce kuma abin ƙyama, sai dai lauyan mai laifin ne ya jawo ta. Mai shari'a Sonia Sotomayor, tare da Elena Kagan, ta ƙi amincewa. Ta nuna cewa a cikin shari'u biyar da aka sake wa zama, akwai biyu da su ma lauyoyin masu laifin ne suka kira masanin, saboda haka bambancin da jihar ke kafa hujja da shi ba cikakke ba ne.

2012 zuwa 2015: ƙa'ida ta sauya, amsa ba ta sauya ba

Abin da ya buɗe ƙofa ya zo ne daga shari'un wasu. A 2012, a shari'ar Martinez, Kotun Ƙoli ta sassauta ƙa'idar 1991: idan jiha ta tilasta a kawo ƙorafin sakacin lauya a matakin bayan hukunci, kuma lauyan wannan mataki shi ma ya yi sakaci, kotun tarayya na iya sauraron batun. A 2013, a shari'ar Trevino, ta ce wannan sassauci ya shafi Teksas.

A 2013 lauyoyinsa suka sake gwada kotun jihar. Sun kawo wani nazari da ya nuna cewa a shekarun da aka yi masa shari'a, ofishin masu gabatar da ƙara na gundumar da aka gurfanar da shi ya fi neman hukuncin kisa a kan baƙaƙe fiye da farare a laifuka masu kama da nasa. Sun kuma nuna cewa tun da aka kulle shi ba a taɓa rubuta shi da laifin karya doka a gidan yari ba. Kotun ta yi watsi da ƙorafin da rinjayen alƙalai 6 a kan 3.

A 2014 suka roƙi kotun tarayya ta sake buɗe fayil ɗin bisa wata ƙa'ida da ke ba da dama a yanayi na musamman. Alƙalin ya yarda cewa lauyan farko ya yi ganganci, amma ya ce maganar launi ba ta taka kara ta karya ba, tunda sau biyu kawai aka ambace ta a doguwar shari'a, ga kuma munin laifin. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta sake hana izini, ta ce babu wani abu na musamman a lamarin.

22 ga Fabrairu, 2017: hukuncin Kotun Ƙoli

Kotun Ƙoli ta karɓi ƙarar a watan Yunin 2016, ta saurari lauyoyi ranar 5 ga Oktoba. Alƙalai 8 ne a kotun a lokacin, domin ba a cike gurbin marigayi Mai shari'a Antonin Scalia ba. Shida suka goyi bayan mai laifin, biyu suka ƙi. Alƙalin Alƙalai John Roberts ne ya rubuta hukuncin.

Ma'aunin sakacin lauya, tun daga shari'ar Strickland ta 1984, abu biyu ne: aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga ƙwararre, kuma gazawar ta cutar. Na farko bai ɗauki kotu lokaci ba. Ta ce babu ƙwararren lauyan da zai kawo shaidar cewa wanda yake karewa haɗari ne saboda launinsa.

A kan na biyu ta tsaya. Ba sai an nuna cewa dukan mutum 12 za su sauya ra'ayi ba, ya isa a nuna akwai yiwuwar ɗaya ya yi kokwanto. Kotu ta bi yadda abin ya kasance a ɗakin shawara. Babbar hujjar mai laifin ita ce yanayinsa zai sauya a kurkuku, abin da ke tunzura shi ba zai kasance ba. Amma akwai abu ɗaya da ba zai taɓa sauyawa ba, launin fatarsa, kuma ga masani mai digiri, wanda kotu ta naɗa, ya ce wannan launi na tafe da ƙarin haɗari. Maganar ta faɗa daidai kan tsohon zargin nan da ake yi wa baƙaƙen maza cewa ta'asa a jininsu take. Batun cewa lauyansa ne ya kawo ta kuwa, kotu ta juya shi: idan lauyan gwamnati ya faɗi mugun abu game da wanda ake tuhuma, masu taya alƙali sun san aikinsa ke nan, amma idan daga bakin ɓangaren mai laifin ya fito, sai su ɗauke shi tamkar amsa laifi. Game da cewa sau biyu kawai aka ambata, Roberts ya rubuta cewa akwai gubar da kaɗan ɗinta ma kisa take yi. Ya ƙara da cewa doka tana hukunta mutane ne a kan abin da suka aikata, ba a kan ko su wane ne ba.

Mai shari'a Clarence Thomas, tare da Alito, ya ƙi amincewa. A ganinsa yadda aka tsara kisan, da yin sa a gaban yara, da rashin nadama, sun isa su kai kowane mai taya alƙali ga amsar "e" ko da masanin bai buɗe baki ba.

3 ga Oktoba, 2017: sakamako

Ba a sake zaman yanke hukunci ba. Sabuwar babbar mai gabatar da ƙara ta gundumar, Kim Ogg, ta cimma yarjejeniya da lauyoyinsa. Aka sauya hukuncin kisan zuwa ɗaurin rai-da-rai, ya kuma amsa laifuka biyu na yunƙurin kisa, aka yanke masa shekara 60 a kan kowanne, su tafi tare da ɗaurin. A ƙarƙashin dokar da ke aiki lokacin da ya yi laifin, sai ya cika shekara 40 a tsare kafin ya iya neman sakin talala, wato 2035.

Me ya yi aiki, kuma me ya sa

Abubuwan da suka fi taɓa zuciya duk ba su yi aiki ba. Yafiyar wadda ya harba, wasiƙar lauyar da ta gurfanar da shi, sanarwar Antoni Janar, shekarun da ya yi a kurkuku babu rigima, ƙididdigar gundumar: babu wanda ya soke hukuncin. Abin da ya soke shi haɗuwar abu biyu ne. Ɗaya sa'a ce, wato sauyin ƙa'ida a 2012 da 2013, kuma da an yi masa allurar a 2011 sauyin zai tarar da kabarinsa ne. Na biyu shi ne son zuciyar a rubuce yake, da lamba a gefensa, a cikin takardar da masu taya alƙali suka nema da kansu.

Wannan na biyun shi ya sa nake ganin shari'ar ba ta wakiltar yadda matsalar take a kullum. A mafi yawan lokuta babu mai faɗin komai. Ana kallon wanda ake tuhuma ne kwana da kwanaki yana zaune, fuskarsa na aiki a zukatan masu kallo. A 2006 masaniyar halayyar ɗan Adam Jennifer Eberhardt da abokan aikinta sun ɗauko hotunan baƙaƙen maza 44 da aka samu da laifin kashe farar fata a birnin Filadelfiya tsakanin 1979 da 1999, suka nuna wa ɗalibai waɗanda ba su san ko su wane ne ba, suka ce su auna yadda kowace fuska ta cika kamannin da ake dangantawa da baƙar fata: duhun launi, faɗin hanci, kaurin leɓe, irin gashi. A rabin da aka ce kamanninsu sun fi cika, kashi 57.5 cikin 100 aka yanke wa kisa. A ɗaya rabin, kashi 24.4. Inda wanda aka kashe baƙi ne, bambancin bai bayyana ba. A 2004 Irene Blair da abokan aikinta sun duba fayilolin fursunoni 216 a jihar Fulorida, suka ga baƙi da fari masu laifi iri ɗaya ɗaurinsu kusan ɗaya ne, amma a cikin kowane rukuni, har da na farare, wanda ya fi kamannin Afirka ya fi samun dogon ɗauri.

Abin ma bai tsaya kan launi ba. A 2015 John Paul Wilson da Nicholas Rule sun nuna wa mutane hotunan fursunoni 371 da ke jiran kisa a Fulorida da wasu 371 masu ɗaurin rai-da-rai, suka tambaye su wace fuska ce ta mai amana. Waɗanda aka yanke wa kisa su aka fi cewa ba su da fuskar amana. Da suka maimaita gwajin da hotunan mutum 37 waɗanda daga baya aka wanke su daga laifi, sakamakon bai sauya ba, alamar cewa ba laifi mutane ke hangowa a fuska ba.

Kotunan Amurka sun san ido na yanke hukunci, sai dai abin da suka iya hanawa shi ne wanda za a nuna da yatsa. A 1976 Kotun Ƙoli ta ce ba a tilasta wa wanda ake tuhuma ya bayyana da kayan fursuna a gaban masu taya alƙali (shi mai waccan ƙarar bai amfana ba, domin lauyansa bai yi ƙorafi a lokacin ba). A 2005 ta hana a bar shi da ankwa a fili, har a zaman yanke hukunci, sai da dalili na musamman. Riga ana sauyawa, ankwa ana kwancewa, amma hanci da leɓe da yanayin ido babu umarnin kotun da zai taɓa su. Kuma idan ƙididdiga kaɗai mutum ya riƙe, hukuncin Kotun Ƙoli na 1987 a shari'ar McCleskey na gabansa. A can an nuna wa kotu nazarin shari'u sama da 2,000 a jihar Jojiya, wanda ya gano cewa mai kashe farar fata ya fi mai kashe baƙi yiwuwar samun hukuncin kisa ninki 4.3. Da rinjayen 5 a kan 4 kotu ta ce wannan bai isa ba, sai mutum ya nuna an yi nufin nuna masa bambanci a tasa shari'ar.

Ya kamata a yi wa Thomas adalci a wuri ɗaya. Mutum biyar ɗin da aka sake wa zama babu maganar launi, dukansu an sake yanke musu kisa, kuma mai yiwuwa da an sake zaman wannan ma haka za ta kasance. Amma hujjar tasa tana da rauni a inda ya fi dogara, wato rashin nadama. Dariyar da 'yan sanda suka ji hujja ce ta gaskiya. Sai dai da zarar an gaya wa mutum 12 cewa irin wannan launi haɗari ne, ba wanda zai iya raba musu abin da suka gani da abin da aka shuka musu, ko su kansu. Doka kuwa kokwanton mutum ɗaya kawai take nema.

Hukuncin 2017 bai taɓa tambayar da ta jawo wannan duka ba. Tun a 1983 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shaida wa Kotun Ƙoli, a wata shari'ar daga Teksas, cewa hasashen likitoci game da wanda zai yi ta'asa nan gaba kuskure ne sau biyu cikin uku. Kotu ta bari a ci gaba da karɓar irin wannan shaida, bisa dogaron cewa tambayoyin lauyoyi za su tace ta. Tambayar ko mutum zai zama haɗari nan gaba tana nan a dokar jihar, ana kuma yi wa masu taya alƙali ita a duk shari'ar da gwamnati ta nemi hukuncin kisa.